Maganin da Ba Ya Shiga Ɗaki

A asibitin kowa ya san shi da Jan Biro, har masu shara da masu gadin ƙofa. Sunan ya samo asali daga biron da ba ya rabuwa da aljihun farar rigarsa, amma nas-nas sukan ce ko babu biron sunan ya zauna, don ba a daɗewa da mutumin ba a ga jan idonsa ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin gwaji. Daga ƙasa ya fara, ya je kwas na shekara biyu, ya dawo aka ba shi benci, wato teburin aiki, na ƙarshe kusa da taga, inda ake shuka jinin marar lafiya a jira a ga abin da zai tsiro. Bai yi jami'a ba, kuma duk wanda ya tuna masa da haka yakan ji amsar da ba zai so maimaitawa a gida ba.

Aikinsa ba shi da wuyar faɗi. A kawo jini a kwalba, a sa a akwatin ɗumi. In ƙwayar cuta ta tsiro, sai ya shafa ta a faranti mai ɗauke da abincinta, ya jera ƙananan takardu zagayayyu a kai, kowace an jiƙa ta da magani daban. Washegari ya buɗe. Takardar da maganinta ke kashe cutar, za ka ga fili fetal ya kewaye ta kamar an bi da tsintsiya. Wadda ba ta iyawa, cutar kan tsiro har bakinta. Sai ya ɗauki rula ya auna faɗin filin, ya rubuta wa likita: wannan yana ci, wannan ba ya ci. 'Yarsa ta ƙarshe, da suke kira Auta, ita ta raɗa wa bencin suna gonar Baba. In ya dawo gida takan toshe hanci ta ce, "Manomi ya dawo. Yau me aka girbe? Tsaya nan, Baba, je ka yi wanka tukuna, warin asibiti kake."

Shekararta goma sha uku lokacin da zazzaɓi ya kama ta. Kwana goma ana ba ta maganin maleriya a gida, jiki bai yi sauƙi ba. Ya kawo ta asibiti, ya ɗebi jininta da hannunsa don bai yarda wani ya soki 'yarsa sau biyu ba. Bayan kwana uku taifot ta tsiro. Ya shafa ta a faranti, ya jera takardun da ake da su. Tsofaffin magunguna uku duk cutar ta haye kansu. Takardar sabon magani ta ƙare tun wata biyu, ba a sayo ba. Amma takardar jentamaisin, fili ya buɗe kewaye da ita, tas. Ya auna sau biyu, ya kira abokin aiki ya sake aunawa. Ya rubuta da hannunsa, ya sa hannu, ya kai sashen yara har yana tuntuɓe don murna. Likitan ranar ya duba takarda, ya ga akwai maganin a sito, ya rubuta shi. Kwana shida ana yi mata allura. A na bakwai hanjinta ya huje. An shiga da ita tiyata, ta fito, ta yi kwana biyu.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Shi ma wata goma yana faɗin haka.

Sai tsohon shugaban ɗakin gwajin ya yi ritaya, aka buɗe kabad ɗin ofishinsa. A ciki akwai littafin ƙa'idojin aikin, wanda ake sabuntawa lokaci-lokaci, bugu uku, biyu ko ledarsu ba a yage ba. Ogan ya kulle su ne saboda tsada, kada yatsun ma'aikata su ɓata su. Sai in baƙi masu dubawa sun zo ake fito da su a jera a tebur, su tafi a mayar. Jan Biro aka sa ya kwashe su zuwa kantar ɗakin gwajin. Yana tsaye ya buɗe ɗaya, don kawai ya ga abin da ake ta ɓoyewa. A shafin da ya shafi cutar taifot da danginta akwai gargaɗi da manyan baƙaƙe: jentamaisin da 'yan'uwansa suna iya nuna suna ci a faranti, amma ba sa aiki a jikin marar lafiya, kada a rubuta wa likita cewa suna ci. Layi biyu da rabi. Ya duba shekarar bugun, shekara huɗu kafin Auta ta kwanta. Daga bencinsa zuwa kabad ɗin taku goma sha ɗaya ne. Ya ƙirga su a ranar.

Bai yi ihu ba. Ya koma gida ya tarar da matarsa tana ninke wanki, ya gaya mata. Ta ci gaba da ninkewa har ta gama, sannan ta ce, "Kai ka rubuta?"

"Ni na rubuta."

Ba ta sake tayar da maganar ba.

Abin da ya hana shi sakat shi ne littafin bai faɗi dalili ba. Ta yaya maganin da ya gani da idonsa ya share fili zai kasa a jikin yarinya? Shekara guda yana bin ɗakin karatu na makarantar nas-nas da ƙamus a hannu, har ya gane. Kuma da ya gane, sai ya ƙi cutar irin ƙin da ake yi wa mutum.

Ga yadda yakan faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare, da ma wanda bai tsaya ba. Jikin mutum gini ne na ƙananan ɗakuna, miliyoyi, kowane da bangonsa. Cutar takan shigo da ruwa ko abinci, ta isa bangon hanji. Ba ta fasa ƙofa. Tana da wata allura a jikinta, siririya fiye da yadda ido zai gani, ta kafa ta a bangon ɗaki, ta zuba wa ɗakin nata saƙon. Da saƙon ya shiga, sai ɗakin ya fara yi mata aiki: bangonsa ya tattare, ya miƙo kamar leɓe, ya rufe ta, ya jawo ta ciki. Mai gida da kansa ya ɗauko ɓarawo. Ta ratsa ta ɗaya gefen, inda masu gadin jiki suke, fararen ƙwayoyin jini da aikinsu haɗiye baƙo su narkar da shi. Mai gadi ya haɗiye ta, ya sa ta a wata 'yar jaka don ya zuba mata guba. Daga cikin jakar sai ta fito da allura ta biyu, ta hana gubar isowa. Ta zauna daram, tana ci, tana haihuwa. Mai gadin kuwa yana nan da rai, yana yawonsa, ya kai ta hanta, ya kai ta saifa, ya kai ta ɓargo. "Da ɗan gari akan ci gari," in ji shi, "amma wannan 'yar banza sarkin dogarai ta saya."

Tun ranar da ya ga gargaɗin nan ya sayi jan biro. Duk takardar taifot da za ta fita, sai ya ja layi a kan jentamaisin, ya rubuta a gefe: kada a bayar. Shekara tara yana yi. Likitoci suka yi ƙorafi, suka gaji, suka saba.

Sannan aka kawo kwamfuta, aka kawo sabuwar shugaba, mace mai digiri biyu da tsabtar aiki, wadda kowa ke kira Madam. Ita ta fito da littattafai ta ajiye a buɗe, wannan ya yaba mata. Amma yanzu sakamako ba ya bi ta takarda. A buga shi a nan, ya bayyana a sashen marasa lafiya. Kwamfutar tana da gurbi shida na magani shida, kuma ba ta yarda a bar gurbi babu komai.

"Madam, a cire gurbin nan in taifot ce."

"Baba, ba ni na ƙera ta ba. Na rubuta wa kamfanin, sun ce sai gyara na gaba."

"Yaushe ne gyara na gaba?"

"Ba su faɗa ba. Kuma ai likitoci sun san wannan, yana cikin karatunsu."

"Likitan wancan lokacin ma ya yi karatu."

"Na san abin da ya same ka, Baba, Allah ya jiƙanta. Amma masu dubawa suna zuwa. Ba na son ganin rubutun hannu a kan sakamakon hukuma, ja ko baƙi."

"To, sai a binne su da takarda mai tsabta."

Ta ce ya fita mata daga ofis. Ya fita. Daga nan sai ya koma buga waya: duk taifot da ta tsiro, ya kira sashen da kansa ya faɗa da baki. Shekara biyu ko ɗaya ba ta taɓa wuce shi ba.

Sai wansa ya faɗi a banɗaki ya karya ƙugu, Jan Biro ya ɗauki hutun kwana huɗu ya je jinya. Ranar Litinin da safe ya dawo, ko rigar aiki bai gama sawa ba ya buɗe rajistar abin da ya tsiro a bayansa. Ranar Juma'a, sashen yara, gado na shida, mace, shekara goma sha biyu, taifot. Ya duba kwamfuta. Gurbi shida a cike, kuma a na huɗu an buga cewa jentamaisin yana ci. Agogon bango ya nuna goma saura kwata. Ƙarfe goma ake allurar safe.

Sashen yara yana hawa na biyu, a ƙarshen dogon baranda. Ya tarar da Sista, tsohuwar nas ɗin sashen, tana jera allurai a tire.

"A'a, Jan Biro da kansa? Wa ya taɓo ka da sassafe?"

"Gado na shida, me kuke ba ta?"

Ta duba kati. Murmushin ya bar fuskarta. "Ni ma yau na dawo aikin safe," ta ce a hankali. "Tun Juma'a aka fara."

Yarinyar tana kwance a gefe ɗaya, leɓɓanta sun bushe sun tsage, idonta a buɗe amma ba ta kallon kowa. Kusa da ita mahaifinta ne zaune a kujerar roba, direban babbar mota, da makulli a hannu yana ta juyawa. Likitan sashen, matashi ne da bai cika shekara biyu da fara aiki ba, yana gado na huɗu yana rubutu.

"Likita, a tsayar da allurar gado na shida."

Likitan bai ɗago ba. "Malam, daga ina?"

"Daga ɗakin gwaji."

"To, ai ku kuka ce yana ci. Ga shi can a kwamfuta."

"Kwamfutar ta yi ƙarya."

"Kwamfuta ta yi ƙarya, ko ku kuka yi kuskure?" Yanzu ya ɗago. "In kuskure ne, a turo gyara a rubuce. Ni ba na canza magani da maganar baranda."

"Ba kuskuren awo ba ne. A faranti yana ci. A faranti cutar tana fili ne, tsirara, ba ta da wurin ɓuya. A cikin yarinyar nan tana cikin ɗaki ta kulle. Maganin da kake ba ta ba ya ratsa bango yadda ya kamata. Yana yawo a jini kamar ɗan sandan da aka hana shiga gida, ya kama wanda ya leƙo, na ciki suna ta haihuwa."

"Zazzaɓinta ya ɗan sauka jiya."

"Taɓa cikinta."

"Malam, kai za ka koya mini duba ciki?"

"In ba a koya maka ba, e."

Wata uwa a gado na biyu ta daina fifita. Direban ya miƙe, yana kallon wannan yana kallon wancan. "Ranka ya daɗe, me ake ciki? Maganin ba shi da kyau ne? Jabu ne?"

"Zauna, Baba," in ji likita ga direban. "Ba komai. Malam, shekara bakwai na yi ina karanta aikin nan. Kai shekara nawa ka yi a makarantar likita?"

"Ko kwana ɗaya. Shekararta nawa tana karanta jikin mutum, ita cutar? Ta riga kakanka. Ka kira babban likita, minti biyu ne."

"Yana taro. In ya zo zagaye da rana zan gaya masa. Sista, ci gaba da allura."

Sista ba ta motsa ba. Wata ƙaramar nas da ba ta san kan zancen ba ta ɗauki sirinjin da ke da lamba shida a jiki, ta nufi gadon. Jan Biro ya tare ta, ya ce, "Kawo, 'yata." Yadda ya faɗa ya sa ta miƙa masa kafin ta yi tunani. Ya taka zuwa wurin wanke hannu, ya matse sirinjin a ciki har ya ƙare, ya jefa shi a kwandon allurai.

"Ka san abin da ka yi?" in ji likitan. "Wallahi sai ka amsa wannan a gaban kwamiti."

"Zan amsa. Kai dai kira babban likita."

Sista ta matso kusa da likitan, ta yi ƙasa da murya, amma sashen ya yi shirun da kowa ya ji. "Likita, ɗana, kira shi. Girmanka ba zai ragu ba. Gadon can na kusa da taga, ni na riƙe wa 'yarsa hannu a kai. Maganin nan ne."

Jan Biro ya juyo mata. "Ban ce ki sa ta a bakinki ba."

"Yi haƙuri."

"Ba da ita nake roƙo ba. Abin yana cikin littafi. Ko ban taɓa haihuwa ba yana cikin littafi."

Likitan ya fita baranda da waya a kunne. Ta gilashin ƙofa ana ganinsa yana magana, sannan ya yi shiru yana saurare, ya daɗe yana saurare, ya sa hannu ya shafa ƙeya. Ya dawo bai kalli kowa ba, ya je gado na shida, ya ɗaga rigar yarinyar ya danna cikinta a hankali, gefen dama. Ta yamutsa fuska. Ya rubuta sabon magani da hoton ciki, ya ce wa direban babu shi a sito, ya je kantin magani na bakin titi ya kawo yanzu. Direban ya fita da gudu har ya bar takalmi ɗaya a ƙarƙashin kujera.

Hoton ya nuna hanjin bai huje ba tukuna.

Kafin azahar takardar tuhuma ta iso bencinsa. Laifi uku: barin wurin aiki ba izini, tsoma baki a aikin likita, da lalata maganin marar lafiya. Madam ta kawo da kanta.

"Da ka kira ni, Baba. Da ni zan hau."

"Saura minti goma sha biyar ne. Da kin ce in turo a rubuce."

Ba ta musa ba. A gaban kwamiti ta faɗi cewa abin da ya faɗa gaskiya ne, ta kuma faɗi cewa abin da ya yi laifi ne. Shugaban kwamitin ya yi dogon bayani a kan tsari da ladabi, ya ce asibiti ba kasuwa ba ce. Aka tambaye shi ko yana da abin cewa. Ya ce yana so a rubuta a takardar zaman cewa gurbi na huɗu yana nan. Aka ce wannan ba ya cikin abin da aka taru a kai. Saboda saura masa wata bakwai ya yi ritaya, aka ce an tausaya masa: ba kora, amma an ɗauke shi daga benci, an mai da shi tagar karɓar samfur, inda ake miƙo kwalaben fitsari da na jini a manna musu lamba. Madam ta liƙa wata takarda a jikin kwamfutar da hannunta, cewa duk taifot a kira sashe a waya. Likitan bai sake gaishe shi ba.

Zazzaɓin yarinyar ya sauka a kwana na shida da fara sabon magani. A na goma sha ɗaya aka sallame ta. Sista ce ta rako su har tagar, direban na riƙe da jaka da bokiti, yarinyar na tafiya a hankali, wuyanta ya rame kamar na mariƙin lema.

"Ga shi nan," in ji direban. "Gaishe da Baba. Ranka ya daɗe, ban san da wane baki zan gode maka ba. Uwarta ma ta ce..."

"Ta shanye sauran maganin duka, ko ta ji garau. Ruwan sha a tafasa. In zazzaɓi ya dawo bayan sati biyu, kada ka tsaya kantin magani, ka kawo ta nan."

"In Allah ya yarda."

Yarinyar ta leƙo ta tagar, ta dube shi sama da ƙasa. "Wai kai ne ka zubar min da allura?"

"Ni ne."

"Da ka zubar da duka. Sabuwar ta fi zafi."

Uban ya ce, "Ke! Haka ake godiya?" Sista ta fashe da dariya. Jan Biro bai yi dariya ba. Ya bi su da kallo har suka sauka matakala, yarinyar tana cewa ita yunwa take ji, uban yana cewa ta bari su isa gida.

"Haba, ɗan saki fuska mana," in ji Sista. "Yarinya ta tashi da ƙafarta."

"Na gani."

"To, mene ne kuma?"

Ya daɗe yana kallon robar lambobin da ke gabansa. "Da ina cewa wataƙila ko an ba Auta maganin gaskiya ba za ta tashi ba. Wataƙila ta riga ta yi nisa. Da wannan nake samun barci, Sista." Ya ɗago. Idonsa ya yi ja. "Wannan ta fi tawa jigata lokacin da na gan ta. Kwana shida kacal, zazzaɓinta ya sauka."

A bayan Sista layi ya taru, wani tsoho yana ɗaga kwalbarsa a nannaɗe cikin takarda yana cewa tun ɗazu yake tsaye, ko sai ya faɗi za a kula shi. Jan Biro ya miƙa hannu ta tagar ya karɓa, ya tambaye shi daga wane sashe.